Sukuru Takwas a Firjin Auta

A shagona muka ƙulla yarjejeniyar, ni da Auta, wata Talata da hantsi, ina durƙushe a bayan wani tsohon firji da kwamfiresarsa ta ƙone. Auta 'yata ce, ta ƙarshe cikin biyar, kuma ita ce karatu ya yi nisa da ita har ya kai ta inda ba na iya bin ta ko da ido. A wurin aikinsu Injiniya suke ce mata. Ni dai Auta na sani.

Ta zauna a kan bokitin fentin da nake ba baƙi a madadin kujera, ta ce aiki ta kawo mini. Mutumin da ke lanƙwasa musu wayoyi a ɗakin gwaji ya samu wani wuri ya yi gaba, ya bar musu wayoyi sittin a miƙe, ga lokaci ya ƙure. Wayoyin nasu ba irin na gida ba ne. Bututu ne na ƙarfe, siriri kamar tsinke, da waya a cikinsa. In aka lanƙwasa shi da garaje sai ya shaƙe, shi ke nan ya tashi aiki. Ta ce duk garin ba ta san wanda ya kai ni iya lanƙwasa bututu ba.

Shekara arba'in ina hulɗa da masu kawo gyara, na san daɗin baki in na ji shi. Sai dai wannan karon daɗin bakin ya yi daidai da gaskiya, saboda haka na goge hannu na ce ta faɗi sharaɗinta.

Sharaɗinta ɗaya ne: in bar akwatin kayan aikina a shago. Duk abin da za a taɓa na'urarsu da shi yana can, nasu ne na musamman. Na ce ba ta san abin da take faɗa ba, mai gyara ba akwatinsa ai ɗan kallo ne. Muka ja, muka ja, har ta yarda in zo da abin lanƙwasa bututuna, wanda na ƙera da kaina, bisa cewa za ta duba shi tukuna a bakin ƙofa.

Sannan na kawo nawa sharaɗin. Kullum za ta ci abincin rana tare da ni, a zaune, wayarta a cikin jaka. Rabon da in zauna cin abinci da yarinyar nan tun kafin ta gama karatu. In ta zo gida a tsaye take gaishe mu, ƙafa ɗaya a waje. Ta ce minti ashirin. Na ce awa guda. Muka tsaya a minti arba'in.

"Baba, kai da ciniki," in ji ta. "Ko iska aka ba ka kyauta sai ka nemi gyara."

Akwai abin da ban sa a cikin cinikin ba. Hannuna na dama ya fara rawa, shekara guda ke nan da 'yan watanni. Aikin ƙarfi ba ya damunsa. In na damƙi bututu ko sifana sai ya natsu kamar ba shi ba. Ƙananan abubuwa ne suke tona mini asiri. In na ɗauki ƙaramin sukuru zan sa a rami, sai yatsun su kama kaɗawa kamar ana yi musu kiɗa. Dabarar da na samu ita ce na riƙa goga bakin sukudirebata a jikin maganaɗisun wata tsohuwar lasifika, sukuru ya manne mata, in kai shi raminsa ba sai na riƙe ba. Sukudirebar nan a aljihun gaban rigata take kwana, kamar biro. Da zan tafi wurin su Auta na ce wa kaina akwati aka hana ni, ba a hana ni aljihu ba.

Ɗakin gwajin yana ƙarshen wani dogon lungu a ƙasan bene, ba taga ko ɗaya. Da Auta ta nuna mini abin da suke kira firji sai da na yi dariya. Ba ƙofa, ba wurin sa ruwa. Wani abu ne a rataye a jikin ƙarafa huɗu, faranti bisa faranti har biyar, na sama ya fi faɗi, suna raguwa zuwa ƙasa, duk an shafa musu ruwan zinariya. In za a kunna sai a rufe shi da wasu gwangwanaye, ƙarami cikin babba, kamar jerin tukwane. Kowane faranti ya fi na samansa sanyi. Na ƙasan, in ji ta, ya fi sararin da ke tsakanin taurari sanyi. Ban yi musu ba, tun da ban taɓa zuwa can ba.

A ƙarƙashin farantin ƙarshe ake ɗaura wani ɗan akwatin jan ƙarfe kamar na ashana. A cikinsa akwai wani ɗan fai-fai da bai wuce farcen babban yatsa ba. Shi ne aikin Auta na shekara biyu, ita ta zana shi layi-layi. Kwamfutar kwantum suke son ginawa, kuma a jikin fai-fan nan akwai ƙwayoyi biyar da suke kira kyubit, su ne masu yin lissafin.

Na ce ta yi mini bayani irin na mai gyaran firji. Ta ce kwamfutar da muka sani makunnin wuta ce, ko a kunne ko a kashe. Ita wannan kamar katantanwa take in yaro ya murza ta: muddin tana juyi ba ta faɗi gabas ba, ba ta faɗi yamma ba, kuma a cikin juyin nan ne take yin lissafin. Da ta faɗi, aiki ya ƙare. Duk wahalar da suke sha, da sanyin da gwangwanayen, don katantanwar ta daɗe tana juyi ne. Ta wayoyin da zan lanƙwasa ake aika mata umarni, amma kowace waya tana saukowa da ɗan zafi da ɗan hayaniya daga sama. Dole ka taɓa ta kafin ta yi abin da kake so, taɓawar kuma ita ke kayar da ita.

Na ce ai wannan renon ɗa ne. Ta harare ni tana murmushi, ta miƙo mini safar hannu.

Aikin ya karɓe ni. Kowace waya sai na yi mata ɗan zagaye tsakanin faranti da faranti, don in sanyi ya kama ƙarfe ya tsuke kada ya fizge mahaɗa. Wannan ba sai an koya mini ba, na sha ganin bututun na'urar sanyaya ɗaki ya tsage saboda wani ya ja shi a miƙe. Shugabansu, wanda kowa ke kira Farfesa, wani gajere mai furfura da takalmi mai ƙara, yakan tsaya a bayana ya goya hannu yana kallo. Ranar farko da Malam yake kirana. Kafin mako ya ƙare na zama Babanmu.

Da rana kuma Auta ta cika alkawari. Akwai wani ɗan teburi a bakin matakala, nan muke buɗe kwanon da mamarsu ta haɗo mana. A nan na ji abubuwan da ban sani ba game da 'yar da na haifa: cewa ba ta son kujerar gaba a mota, cewa ta taɓa faɗuwa jarabawa sau ɗaya ta ɓoye mana, cewa har yanzu in abu ya cushe mata takan tuna yadda nake kwance injin in jera sassansa a kan tsumma, daga hagu zuwa dama. Ni kuwa da hannun hagu nake ɗaukar kofi, na daman yana kan cinya a ƙarƙashin teburi.

Rana ta tara wayoyi suka kammala. Saura a ɗaura ɗan akwatin a mazauninsa. Auta ta riga ta ɗora shi, ta jawo wata 'yar durowa mai ɗauke da sukurori rawaya, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, sai aka aiko kiranta taro a sama. Ta ce guda takwas ne, in ɗaure su in jira ta.

Na ɗauki sukudirebar wurin, na ɗauki sukuru. Ya faɗi. Na ɗauki na biyu, ya kai bakin rami, yatsuna suka kaɗa, ya bi ɗan'uwansa. Na waiwaya, ba kowa. Na zaro tawa daga aljihu na kai bakinta cikin durowar, amma sukurorin nan ko gezau, ba wanda ya manne. Na uku da ya faɗi sai ya gangara ya shige ƙarƙashin wani kabad. 

A aljihun wandona akwai wani ɗan gwangwanin alewa da nake tara ƙananan sukurori a ciki, waɗanda nake cirowa daga tsofaffin na'urori. Na buɗe. Ga wasu rawaya, girmansu ɗaya da na durowar, zarensu ɗaya. Na kai bakin sukudireba, ɗaya ya yi tsalle ya manne. A raina na ce sukuru ai sukuru ne. Waɗannan mutane da suke shafa wa faranti zinariya, ƙila don kyau suke son rawaya. Cikin minti biyar na gama.

Da ta dawo ta duƙa ta duba, ta ɗan girgiza akwatin, bai motsa ba. Ta juya ta ce wa Farfesa ya zo ya ga hannu. Na tsaya ina karɓar yabo, hannun yana cikin aljihu.

Aka rufe gwangwanaye, aka kunna. Kwana uku firjin ke ɗauka kafin ya kai sanyinsa, injinsa yana wani kuka, cif, cif, cif, kamar tsuntsu a keji. Ni aikina ya ƙare, amma Farfesa ya ce in riƙa zuwa, akwai firji na biyu da za a fara haɗawa.

Tsawon juyin katantanwar nan da ƙidaya suke auna shi, kowace ƙidaya kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Watannin baya Auta ta kai irin fai-fan nan wani wuri an gwada mata a firjin aro, ya kai ɗari. A firjinsu kuwa, da lambar ta fito a allon kwamfuta, goma sha tara ce.

 Ta sake aunawa, ta sake. Daga nan ta bi wayoyina ɗaya bayan ɗaya da na'ura, ina tsaye ina kallo, ta ce duk lafiyarsu ƙalau. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Aka kashe firji, kwana biyu yana hucewa. Ta canza wasu matatai da ke tace hayaniya a kan wayoyin, aka rufe, aka sake jiran kwana uku. Ashirin da ɗaya.

A ranar nan Farfesa ya kira ta gefe, amma ɗakin ba shi da girman da zai ɓoye magana. Masu ɗaukar nauyin aikin za su zo ƙarshen wata su ga abin da aka yi. Lokacin da ya rage bai wuce na sanyaya firji sau ɗaya ba. Akwai wani fai-fai da suka saya daga waje yana ajiye a kabad. Shi za a sa. Nata a ajiye shi tukuna. Ya faɗi tukunan nan a hankali, amma ni da ita duk mun san irin tukunan da ba ta da ranar dawowa.

Washegari da rana ta zo teburi ta zauna, don alkawari, amma cokali kawai take juyawa. Ta ce ƙila gwajin farko sa'a ce kawai. Ƙila tun daga zanen ta yi kuskure, shekara biyu tana gini a kan kuskure. Don in ɗauke mata hankali na ce ta lissafa mini abokan gaban katantanwar nan tata, ko akwai wanda na sani a cikinsu.

Ta ce zafi. Girgiza. Haske, ko da ɗan tsirit ne da ya sato hanya. Sai maganaɗisu, wanda ya fi su duka naci, don in fai-fan ya yi sanyi da ɗan maganaɗisu a kusa, sai ya maƙale a cikinsa kamar ƙaya a tafin ƙafa. Akwai gwangwani guda da aikinsa kawai ya tare maganaɗisun waje. Shi ya sa duk abin da zai shiga cikin gwangwanin nan ba a yarda da baƙin ƙarfe ba, hatta sukurori na tagulla ne zalla.

"Shi ya sa na hana ka zuwa da akwatinka," ta ce.

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini dalilin ba tun ranar. Ta ce ba ta so ta cika mini kai da surutun makaranta.

 Sukurorin gwangwanin alewata baƙin ƙarfe ne, ruwan tagulla kawai aka shafa musu. Ai shi ya sa suka manne. Kuma shekara da shekaru suna cuɗanya da bakin sukudirebata, su kansu sun zama 'yan maganaɗisu. Guda takwas, na kewaye aikin 'yata da su, a cikin gwangwanin da aka yi don ya kare shi.

Ban faɗa mata a teburin ba. Na rufe kwano na ce ciki ne ya ɗan murɗa mini.

A hanyar gida, cikin bas, na yi ta juya abin. Ni mutum ne da ya san hanyar fita daga rami, na sha ɓata aiki in gyara kafin mai shi ya dawo. Gobe firji zai gama hucewa, za a kwance akwatin don a canza fai-fai. Abu ne mai sauƙi in tattara sukurorina in zuba a aljihu, in ajiye na tagulla a wurinsu, ba wanda zai sani. Har na fara jin sanyi a raina. Sai da bas ya tsaya a wata mahaɗa na bi lissafin zuwa ƙarshensa. In na yi haka, fai-fan da aka saya zai shiga firji mai tsabta, ya yi aiki lafiya. Kowa zai ce to, ga shi nan, ashe na Injiniya ne ba shi da kyau. Ita ma haka za ta ce, kuma ita ce za ta fi kowa yarda. In kuma na yi shiru na bar sukurorin, na sayen ma ya faɗi, baƙi su zo su tarar da ba komai. Ko ta ina na bi, asirina ba ya rufuwa sai da aikin yarinyar nan.

Da yamma ina zaune a tsakar gida mamarsu tana tsintar wake a tire, na kwashe duka na faɗa mata, har da maganar hannun. Na ɗauka za ta saki tiren. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce tun bara ta sani. Mutumin da ya daina sa riga mai maɓalli, ya koma shan shayi rabin kofi, ya ce wai aski a wurin wanzami ya fi na gida, duk a wata ɗaya. Ita ce ma ta riƙa cika mini kofin rabi, na ɗauka rowa ce.

Na ce me ya hana ta magana. Ta ce jira take in gaji da ɗaukar kayan ni kaɗai.

"Gobe ka faɗa mata," in ji ta. "Kuma a gaban shugaban nasu, ba a lungu ba. A gabansa aka kayar da aikinta."

Da safe na tarar an sauke gwangwanaye, farantan suna ta naso. Farfesa yana riƙe da kwalin fai-fan da aka saya. Auta ta sa safar hannu, idanunta sun faɗa. Na ce su dakata, akwai abin da zan nuna musu.

Na zaro sukudirebata daga aljihu. Na ga Auta ta kalle ta, ta kalle ni. Na duƙa na kwance sukuru ɗaya daga jikin akwatin, na ɗago. Yana rataye a bakinta, yana lilo. Na kai ta cikin durowar sukurorinsu na juya, ba wanda ya biyo ta.

 

Na ce duka takwas ɗin nawa ne. Farfesa ya tambaya, ba da faɗa ba, me ya sa. Sai na ajiye sukudirebar, na ɗauki sukurun tagulla ɗaya da yatsu biyu, na miƙa hannun a gabansu na bar shi ya yi abin da yake yi. Bai ba ni kunya ba wajen ba ni kunya. Sukurun ya faɗi a kan teburi ya yi 'yar ƙara.

"Kwana goma, Baba," Auta ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Kwana goma ina zagin kaina."

Ta cire safar ta ajiye, ta fita.

Muka rage ni da Farfesa. Ya ɗauki sukudirebar yana jujjuya ta. Ya ce ba lallai ne sukurorin su kaɗai ne matsalar ba. In aka mayar da fai-fan Injiniya ya sake faɗuwa, ba sauran lokaci, kuma ba ita kaɗai abin zai shafa ba, akwai mutum shida da ke cin abinci a ɗakin nan. Na ce gaskiya ne, kuma ni ba ni da bakin magana yau. Amma a sana'armu in firji ya ƙi sanyi ba ka canza kwamfiresa da gas rana ɗaya. Ɗaya za ka canza ka gani. In ka canza biyu ya tashi, har abada ba za ka san wanne ne ya mutu ba, kuma wataƙila ka jefar da mai rai.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce shekara ashirin yana koya wa ɗalibai wannan maganar da dogon turanci. Amma ba shi zai yanke ba, mai aikin ce za ta ce in ta yarda a yi kasadar da sunanta.

Ta ɗan jima kafin ta dawo. Ta wanke fuska, gefen mayafinta a jiƙe. Farfesa ya faɗa mata yadda ake ciki. Ta ce a mayar da nata. Ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da kwalin kabad, ya fita da takalminsa mai ƙara ya ja mana ƙofa.

Ta kwance sauran bakwai ɗin da kanta ta zuba mini a tafin hannu. Ta bi duk wurin da wata 'yar na'ura mai shinshinar maganaɗisu har sai da ta gamsu. Ba ta dube ni ba sai da ta jawo durowar.

"Tun yaushe hannun ya fara haka?"

Na faɗa mata.

"Ka ga likita?"

Na ce likita zai ce in daina aiki. Ta ce ba ta tambaye ni abin da likita zai ce ba.

Na ɗauka za ta ce in koma gefe. Sai ta ce ita matsalarta ba ta san iyakar ɗauri ba, ko ta bar sukuru da sako-sako ko ta murɗe shi har zare ya cinye, shi ya sa tun farko ta bar mini. Ta ɗauki sukuru da ɗan hantsaki ta zaunar da shi a rami, ta miƙo mini sukudirebar wurin. Da na kai bakinta sai yatsun suka fara halinsu. Ta sa hannunta ta riƙe mini wuyan hannu, ba da ƙarfi ba, kamar yadda nake riƙe nata lokacin da take koyon rubutu, ni da rubutun nawa bai taka kara ya karya ba. Rawar ta lafa. Na murɗa har na ji ƙarfe ya ce ya isa. Haka muka yi guda takwas, ita ta zaunar, ta riƙe, ni in ɗaure. A na shida ta ce da ta faɗa mini dalilin tun a shago da duk wannan bai faru ba. Na ce da na faɗa mata nawa dalilin ma haka. Muka bar shi a nan.

Kwana ukun nan na jira, ranar farko ta kai ni asibiti da kanta, ta zauna a gefe tana amsa tambayoyin da ni aka yi wa. Likita ya ce abin ba ya warkewa, amma akwai ƙwayar da ke rage shi, kuma ba yau zai hana ni riƙe sifana ba. Ƙananan ayyuka dai in haƙura da su.

Ranar da firji ya kai sanyinsa ina can bayan ɗaki ina lanƙwasa wayoyin na biyu, na kasa zuwa kusa da allon.  Sannan na ji takalmin Farfesa yana tahowa. Ya dafa kafaɗata ya ce tamanin da takwas. Bai kai ɗari ba, amma ya isa a nuna wa baƙi ba tare da sunkuyar da kai ba, sauran sha biyun kuma Injiniya za ta yi farautarsu a hankali. Na leƙa. Tana zaune ta rufe fuska da tafin hannu biyu, kafaɗunta suna motsi, ban san ko dariya ba ce ko ɗayan.

Sukudirebata ba ta dawo aljihuna ba. Farfesa ya roƙe ta, ya sa aka ɗaure ta da igiya a bakin ƙofar ɗakin. Duk sukurun da zai shiga firji sai an fara kai shi bakinta, wanda ya manne ya koma waje.

In za a bi cinikin nan a ga wa ya ci wa ya faɗi, Farfesa dai ya ci, ya samu wayoyi sittin da abin nuna wa baƙinsa. Auta ta tsira da aikinta na shekara biyu, amma ta yi asarar kwana goma, ta kuma yi asarar uban da hannunsa ba ya kuskure. Yanzu in na ɗauki kofi sai in ga idonta ya bi hannun, ta yi sauri ta kawar. Ni na faɗi fiye da kowa, don na shiga da sirri da rabin sana'a a ɓoye, na fito kowa ya san rabin ce ta rage. Sai dai na fi samun barci. Mamarsu kuwa, wadda ba da ita aka yi cinikin ba, ta ce ita ce ta kwashe ribar duka, don ta huta da yin kamar ba ta gani.